Waya za ta iya isar da saƙo ba ƙarfen sabis a tsakani?

Aminu Gusau:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina, yau na ce bari in kawo ta gaban masu sani. Sana'ata cajin waya da turin karatu a rumfa. Kullum ina tura wa mutane abu ta Xender ko Bluetooth, ba data, ba kati, ko layi babu a wayar abin yana tafiya. To tunda waya tana iya magana da 'yar'uwarta kai tsaye, me zai hana tawa ta ba ta maƙwabcina saƙo, tasa ta miƙa wa ta gaba, a haka a haka har ya isa wani gari?

Dalilin tambayar shi ne abin da muka gani a Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara. Mahaifiyarmu tana kwance ba lafiya, ƙanena kuma yana Kano. Da farko mutane mota suke hawa zuwa Funtuwa don kawai su yi kira su juyo, daga baya can ma aka rufe. Sai na koma ina naɗar muryata da ta Inna a waya, in zuba a memori, in ƙulle a takarda in rubuta suna a bayanta, in kai tasha in damƙa wa direba. Bayan kwana biyu ko uku memorin ya dawo da muryar ƙanena a ciki. Ranar da Inna ta fara jin sa, riƙe wayar ta yi da hannu biyu tana amsa masa gaisuwa kamar yana jin ta. Tun daga ranar nake wannan tunani.

Sadiq Ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Yaya Aminu, a sanina hakan ba zai yiwu ba. Xender waya ɗaya ce take buɗe Wi-Fi, ɗayar ta shiga, shi ke nan. Ka matsa ƙofar kasuwa ma ya yanke. Da yana yiwuwa ai da tuni kowa ya daina sayen kati.

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam Aminu, abin da ka kwatanta akwai shi, kuma ilimi ne da aka shekara sama da hamsin ana bincike a kansa. Masana suna kiran sa MANET. Ma'anarsa sadarwar da na'urori masu yawo suke ƙulla wa kansu nan take, ba ƙarfen sabis, ba wata na'ura a tsakiya da ke shugabancin sauran. Ni a aji nakan ce wa ɗalibaina sadarwar karɓi-ka-miƙa, domin kowace na'ura aiki biyu take yi: tana aika nata, tana kuma ɗaukar na wasu.

Sadiq ya yi daidai a kan Xender, zango ɗaya ne kawai. Wahalar tana farawa ne daga zango na biyu, inda dole na'ura ta san wa za ta miƙa wa. A sadarwar da muka saba, kamfani ya san inda kowane ƙarfe yake, kuma ƙarfe ba ya tashi daga inda aka kafa shi. A nan kuwa wanda yake kusa da kai yanzu, bayan minti biyar ya hau babur ya tafi da hanyar gaba ɗaya.

Ga yadda ɗaya daga cikin sanannun dabarun yake aiki, sunansa AODV, an fitar da ƙa'idarsa a 2003. A ce wayarka tana neman ta ƙanenka ba ta san hanya ba. Sai ta yi cigiya: duk wanda ya ji ni, ina neman wane. Duk wayar da ta ji sai ta rubuta a wurinta cewa daga bakin wane na ji wannan cigiya, sannan ta maimaita ta. Kowace cigiya tana da lamba, don haka idan ta sake zuwa wa waya ta wata kusurwa, sai ta yi watsi da ita, in ba haka ba surutun ba zai ƙare ba. Idan cigiyar ta kai ga wanda ake nema, ba shela zai yi ba. Amsarsa za ta bi sawun da aka bari, daga wannan zuwa wanda ya gaya masa, har ta dawo gare ka. Hanya ta samu ke nan. In wani a tsakiya ya ɓace, na bayansa ya aiko da labari cewa hanya ta karye, a sake sabuwar cigiya.

Aminu Gusau:
Malama Allah ya saka da alheri. Wato kamar cigiyar yaro a unguwa.

Malama Rabi:
Haka ne, sai dai cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma wata dabarar da ta saɓa wa wannan, OLSR, wadda masu bincike a Faransa suka samar, ita ma a 2003 aka fitar da ƙa'idarta. Ita ba ta jira sai buƙata ta taso. Duk bayan daƙiƙa 2 kowace na'ura tana yi wa maƙwabta sallama tana lissafa waɗanda take ji. Daga nan kowa ya zaɓi 'yan wakilai kaɗan cikin maƙwabtansa waɗanda ta hannunsu za a iya kaiwa ga duk wanda ke zango na biyu, su kaɗai ne za su riƙa maimaita shela. Ribarta hanya tana nan a shirye kullum. Asararta kuwa ana ta sallama ko da ba mai aiken komai, batir yana ƙonewa, iska tana cika.

Baba Ado:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka, kuma 'yata Rabi ta yi bayani mai kyau. Ni shekara talatin na yi ina gyaran oba-oba da rediyon mota kafin ido ya ce in huta. Abin da nake so ku sani, wannan ilimi daga wurin soja ya fito, kuma da dalili. Soja ba zai je fagen daga ya ce a dakata a kafa masa ƙarfe ba, in ma ya kafa, shi abokin gaba zai fara kayarwa. Shi ya sa hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta fara aikin rediyon da ke yanka saƙo gunduwa-gunduwa tun 1973. A 1977 suka yi gwaji da wata motar akori-kura mai rufi cike da kayan rediyo, tana tafiya a kan titin Kalifoniya tana aika saƙo, ya haye teku zuwa Turai ya dawo Amurka ta hanyoyin sadarwa iri uku. Wannan gwaji yana cikin abin da ya haifi intanet ɗin da kuke riƙe da shi yau.

Amma ga abin da na gani da idona a aiki, ba a takarda ba. Rediyo ba ya ji yana magana lokaci ɗaya a tasha ɗaya. Ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara. To wanda ke tsakiya sai ya saurari saƙon tukuna, sannan ya maimaita, a lokacin nan na bayansa dole ya yi shiru. Zango biyu, gudun ya ragu kusan rabi. Zango uku, ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga wata matsalar kuma: mutum biyu, ɗaya gabas da dutse ɗaya yamma, ba sa jin juna, amma dukansu suna jin na kan dutse. Kowa ya kasa kunne ya ji shiru, sai su fara magana tare, na kan dutsen ya ji hayaniya kawai. Sau nawa aka kawo mini rediyo wai ta lalace, in buɗe in tarar lafiyarta ƙalau, wannan ne kawai yake faruwa.

Sadiq Ɗalibi:
Baba na gode, wannan na dutsen ya zauna mini. Amma Malama, in haka ne ai yawan mutane zai gyara komai. A sa manhajar a wayar kowa a Kano, mutum miliyoyi, ba inda saƙo ba zai kai ba.

Malama Rabi:
Nan ne mutane da yawa suke zamewa, Sadiq. Ƙarancin jama'a matsala ne, yawansu ma matsala ne.

Ɗauki ƙarancin tukuna. Bluetooth a fili, ba gini ba itace, in ya yi ƙoƙari ya kai mita 100. Cikin gidaje da katangu sau da yawa ko 20 ba ya kaiwa. Ƙauyen da ke nesa da kai kilomita 10, kana buƙatar waya aƙalla 100 a jere, duka a kunne, duka da caji, duka da manhaja iri ɗaya, ba giɓi ko ɗaya. Wa zai tsaya maka a daji?

Yawan kuma, a 2000 wasu masana biyu a Jami'ar Illinois, Piyush Gupta da P. R. Kumar, sun nuna da lissafi cewa duk lokacin da na'urori suka ƙaru a irin wannan sadarwa, rabon kowa raguwa yake yi, domin yawancin ƙarfin kowace na'ura yana tafiya ne wajen dakon kayan wasu. In yawansu ya ninka sau 100, rabon mutum ɗaya zai faɗi kamar sau 10 ko fiye. Mun ma ga ɗan misalinsa a gida. Waɗanda suka tuna kwamfutocin yara masu launin kore da fari da kunnuwa biyu, waɗanda aka gwada a firamaren Galadima a Abuja a 2007, kunnuwan nan eriya ce, an yi su ne don kwamfutocin su haɗu da juna ba sai da na'ura a tsakiya ba. Yara kaɗan a gindin bishiya, abin yana tafiya. Idan suka taru da yawa wuri ɗaya sai cunkoso ya shaƙe hanyar. A samfuran da suka biyo baya masu aikin sun ajiye wannan tsari.

Ga kuma batun ita kanta wayar. Yawancin wayoyinmu da zarar allo ya mutu suke kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. Waya a aljihu tana barci ba za ta miƙa saƙon kowa ba.

Hauwa Maiduguri:
Yaya Rabi, ki yi haƙuri in shigo nan, don duk wannan magana a kaina take sauka. Ina cikin masu aikin sa-kai lokacin ambaliyar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Mu ba kilomita 10 muke nema ba. Muna wannan gefen ruwa, 'yan'uwanmu suna can wajen Gwange a kan rufin gida, tsakaninmu ba nisa, wani lokaci kana hango hannun da suke ɗagawa. Kira ba ya shiga sai ka gwada sau goma, in ya shiga ya yanke, ga ba wuta, wayoyi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata baiwar Allah da muka samu a waya ta ce su tara ne a saman bene har da jariri, kafin ta faɗi layin da suke wayarta ta ɗauke. Mun yini muna tambayar masu kwale-kwale. Sai washegari aka gano su, alhamdu lillahi da ransu, amma jaririn sai da aka kwantar da shi.

Abin da muke buƙata a ranar bai wuce layi biyu na rubutu ba: muna wuri kaza, mu kaza ne, akwai mara lafiya. Ba hoto, ba bidiyo. Shin ko wannan ɗan abin ma ba zai samu ba?

Malama Rabi:
Hauwa, Allah ya ba ku ladan abin da kuka yi. Wannan kam zai samu, kuma a ganina irin wurin da wannan fasaha ta fi dacewa ke nan: mutane ƙididdigaggu da suka san juna, yanki ƙarami, saƙo gajere, lokaci na gaggawa. Amma ba da waya kaɗai ba.

Akwai wata ƙaramar na'urar rediyo mai amfani da fasahar LoRa, girmanta bai fi kwalin ashana biyu ba, da ɗan eriya. Ana sa mata manhaja kyauta mai suna Meshtastic. Wayarki tana haɗuwa da ita ta Bluetooth, ki rubuta saƙo a waya, ita kuma ta cilla shi. Sirrinta shi ne a hankali take magana ƙwarai, shi ya sa muryarta take nisa da ɗan ƙaramin batir. A cikin gari takan yi kilomita ɗaya zuwa 'yan kaɗan, in kuwa aka ɗora ɗaya a kan tankin ruwa ko hasumiyar masallaci da ɗan faifan sola, nisan yana ninkawa sosai, domin tsayi ya fi ƙarfi amfani a wannan harka. Saƙo ɗaya bai wuce harafi 200 da 'yan kai ba. Tana iya aika inda mutum yake a taswira. Ba ta ɗaukar murya balle hoto.

Ita ba ta yin cigiyar hanya irin ta AODV ga saƙon da ake so kowa ya ji. Duk wadda ta ji saƙo sai ta ɗan saurara, in ba ta ji wata ta maimaita ba, ta maimaita. An kuma ƙayyade zango: 3 ne a yadda take zuwa, iyakarta 7. Kowane zango a rage ɗaya, in ya kai sifili saƙon ya tsaya.

An yi irin wannan a wasu ƙasashe. Bayan guguwar Maria ta rusa sadarwar tsibirin Puerto Rico a 2017, masu sa-kai sun yi amfani da na'urorin goTenna a wasu garuruwa. Aikin Serval na Ostireliya kuwa, mai haɗa wayoyi da juna ba ƙarfen sabis, girgizar ƙasar Haiti ta 2010 ce ta zaburar da mai shi. Abin da zan jaddada shi ne ba ranar ambaliya ake koyon wannan ba. Tun rani ake saye, a ɗora, a gwada, a san inda yake kaiwa da inda ba ya kaiwa.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa, gaisuwa daga Nijar. Mu nan rezo muke ce wa sabis. A Fabrairun 2021 bayan zaɓe anka yanke muna intanet na salula wajen kwana goma, kira yana tafiya amma WhatsApp babu. A lokacin wasu samari sunka riƙa maganar Bridgefy, manhajar aika saƙo daga waya zuwa waya ta Bluetooth, wadda 'yan Hong Kong sunka yi aiki da ita a 2019. Matsalar da munka tarar, sai da intanet ake sauke ta a buɗe ta karon farko, to an riga an yanke. Waɗanda sunka samu kuma ba su da yawa, kowa ya buɗe ya ga ba kowa kusa da shi. Malama ta yi gaskiya, abin da ba a shirya ba tun da wuri ba ya ceto.

Amma ni inda nike hange daban ne: makiyaya da 'yan kasuwar ƙauye. Arewacin Dakwaro akwai wuraren da sai mutum ya hau tudu yake samun rezo.

Nura Kaduna:
Ku gafarce ni, ni ina da ja a kan wannan magana gaba ɗaya. Me ya sa aka rufe layukan a 2021? Don a yanke tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto ne, a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da nan Kaduna. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, dalilin ke nan. Yanzu muna zaune a fili muna bayanin na'urar da ba ta bi ta hannun kowa, ba rajista, ba lambar da za a bibiya. Wa kuke ganin zai riga saye, mai rumfar caji ko mai kuɗin fansa a buhu? An ɗauke ɗan yayata a hanya, mun san abin da muka sha kafin ya dawo. Ba da wasa nake wannan magana ba.

Aminu Gusau:
Malam Nura, Allah ya kiyaye gaba, ya kuma saka muku. Ba na raina maganarka ko kaɗan. Amma mu da muka zauna cikin rufewar, ga abin da muka gani: wanda ke kusa da iyaka ya nemi layin Nijar ya ci gaba da harkarsa, mai hali ya tafi wani gari ya yi kira. Talakan ƙauye da aka shigo wa cikin dare shi ne ya rasa yadda zai sanar da kowa.

Baba Ado:
Ɗana Nura, damuwarka tana kan hanya, amma bari in ƙara maka da abin da na sani. Oba-oba ta daɗe a kasuwa, tana ɗaukar murya, ba ta bi ta hannun kamfani. Mugu bai jira wannan ƙaramar na'ura ba. Na biyu, duk abin da ya yi magana a iska ya nuna inda yake. Masu kayan aiki suna auna inda sigina ta fito daga wuri biyu ko uku, su ja layi, inda layukan suka haɗu nan mutum yake. Wannan tun kafin a haife ku ake yin sa.

Inda na goyi bayanka shi ne kada wani ya yi abin nan a ɓoye. Iska tana da hukuma. A Najeriya NCC ce, a Nijar ARCEP. Na'urorin nan kala-kala ne, na Turai suna aiki a mitar rediyo mai lamba 868, na Amurka a 915, akwai na 433. A je a tambayi wanda aka halatta kafin a yi oda. Mai gari ya sani, jami'an tsaron yankin su sani, a rubuta sunan duk wanda aka ba. In ba haka ba yaron kirki zai gamu da shingen bincike da abu mai eriya a aljihu, ya rasa bakin bayani.

Nura Kaduna:
Baba na ji, kuma sharaɗin nan naka shi ne mafi ƙarancin abin da zan iya yarda da shi. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Ranar da aka ƙwace na'ura ɗaya daga hannun ɗan sa-kai fa?

Malama Rabi:
Tambayar Malam Nura ita ce mafi nauyi a wannan ilimi, kuma ba a gama warware ta ba. Sadarwar da ta dogara da kowa ya miƙa na kowa, amana ce jarinta. A tsarin cigiya, mugu yana iya amsa kowace cigiya da cewa ni ne hanya mafi kusa, saƙonni su riƙa kwarara wurinsa yana haɗiyewa. A 2020 masu bincike a Royal Holloway ta Jami'ar Landan sun binciki Bridgefy suka nuna ana iya karanta saƙon mutane, a yi shigar burtu da sunan wani, a gano wa ke magana da wa, har a durƙusar da sadarwar da saƙo ɗaya. Kamfanin ya sauya tsarin kulle saƙonsa bayan haka, amma mutane sun riga sun dogara da ita a wuraren haɗari.

Meshtastic tana kulle saƙo, sai dai mabuɗin tashar da take zuwa da shi kowa ya san shi a duniya. Dole ƙungiya ta ƙirƙiri nata. In an ƙwace na'ura ɗaya, mai ita zai riƙa karanta duk abin da ake faɗa a tashar har sai an sauya mabuɗi a sauran, ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ni ba zan ba kowa shawarar ya aika sirrin da rai ya rataya a kansa ta nan ba. Kiran ceto a ruwa, neman ungozoma, sanar da gobara, waɗannan ko an ji ba a yi asara ba.

Isuhu Maraɗi:
Malama, maganar makiyaya fa? Su da ke warwatse, ba mutum ɗari a jere.

Malama Rabi:
Na so in dawo kanta, Malam Isuhu, don ita ce ta mayar da mu kan memorin Malam Aminu. Duk abin da na bayyana a sama yana ɗauka cewa akwai hanya a shimfiɗe daga mai aike zuwa mai karɓa a daidai wannan lokaci. Akwai wani reshe da ya ce ba dole ba ne. Na'ura ta karɓi saƙo ta ajiye a cikinta, mai ita ya yi tafiyarsa, duk sa'ad da ta gamu da wata ta ba ta kwafi. A nan yawon da muka ce shi ne matsala ya zama shi ne abin hawa.

An gwada wannan a Kenya a 2004. Masu bincike daga Jami'ar Princeton sun ɗaura wa jakunan dawa wasu na'urori a wuya masu rubuta inda dabba ta bi. Dajin ba sabis. Idan jakunan suka haɗu, na'urorin su yi musayar abin da suka tara, sai mai bincike ya zo da mota ya kusanci kaɗan daga cikinsu ya kwashe labarin sauran. A Indiya kuma an yi DakNet, inda aka ɗora na'ura a motar haya, in ta tsaya a ƙauye ta kwashi wasiƙun da ke kwamfutar ƙauyen ta Wi-Fi, ta sauke waɗanda ta zo da su, in ta shiga gari ta tura su intanet.

Makiyayi yana zuwa rijiya, yana zuwa kasuwa ranar da take ci. Nan ne mahaɗa. Labarin farashin dabba ko ranar allurar rigakafi ba ya lalacewa don ya kwana ɗaya a hanya. Manhajar Briar a wayoyin Android tana da wani abu mai kama da haka: tana daidaita saƙonni tsakanin waɗanda suka riga suka amince da juna ta Bluetooth ko Wi-Fi idan sun haɗu, har ta memori ma ana iya ɗaukar saƙon a kulle.

Aminu Gusau:
Ikon Allah. Ashe direban nan da takardata a aljihun gaban motarsa, shi ne zangon.

Malama Rabi:
Shi ne, Malam Aminu. Bambancin kawai da manhaja ce, ba sai ka san direban ba, kuma ko ya buɗe ba zai iya sauraron muryar Inna ba.

Hauwa Maiduguri:
Yaya Rabi, na tura wa shugabar ƙungiyarmu duk abin da aka rubuta. Ta ce in tambaya, in za mu gwada, guda nawa za mu fara da su, kuma me za mu duba?

Malama Rabi:
Ku fara da biyar bayan kun bi matakan da Baba ya faɗa. Ɗaya a wuri mafi tsayi da za ku samu izini, da sola da batir, a cikin akwatin roba da ruwa ba ya shiga, kuma a yi mata inuwa don zafin Maiduguri yana kashe batir. Huɗu a hannu. Mutum ɗaya ya zauna wuri guda, sauran su bi unguwannin da ruwa ya ci, duk inda suka tsaya su aika saƙo mai lamba, 1, 2, 3, a rubuta a littafi wanne ya iso wanne ya ɓace. Ku maimaita bayan an yi ruwan sama. Kada ku ɗaga zango zuwa 7 don ganin ya fi yawa, ku bar shi a 3 sai in gwaji ya nuna buƙata.

Baba Ado:
Ku kuma kula, kada a kunna na'urar ba a ɗaura mata eriya ba, tana iya ƙonewa. 'Yata Hauwa, in sun iso ki ɗauki hoton eriyar da abin da aka rubuta a jikin kwalin ki turo nan, jikana zai karanta mini in gaya miki ko ta dace da mitar da aka ba ku.

Hauwa Maiduguri:
To Baba, in sha Allahu zan turo.